Na haddace fomuloli, me ya sa fiziks ke kayar da ni?

Tambaya: Ina shekarar farko a jami'a, kuma fiziks na cikin darussan da aka wajabta mana. Na haddace kusan duk fomulolin babin motsi da ƙarfi, ina kuma iya maimaita misalan da malami ya warware a allo, amma da zarar an sauya fasalin tambaya a jarrabawa sai kaina ya kulle. Lissafina ne ke da rauni, ko kuwa fannin ne bai karɓe ni ba?

Amsa: Ɗalibi, kafin in ce komai a kan lissafinka, bari in yi maka tambaya ɗaya. Ka jefa ƙwallo sama tsaye, ta bar hannunka, tana hawa. Idan muka ajiye batun iska gefe, ƙarfi nawa ne ke aiki a kanta? Yawancin masu fara karatu sukan ce biyu: jan ƙasa da ke mayar da ita ƙasa, da kuma ƙarfin hannun da ya jefa ta, wanda a ganinsu yana raka ta sama yana raguwa a hankali. Amsar ita ce ƙarfi ɗaya ne tak, wato jan ƙasa. Hannu ya gama aikinsa tun lokacin da ya rabu da ƙwallon. Tana ci gaba da hawa ne saboda tana da gudu, kuma jan ƙasa yana zaftare mita 9.8 a daƙiƙa daga wannan gudun cikin kowace daƙiƙa. In ta tashi da gudun mita 19.6 a daƙiƙa, bayan daƙiƙa 2 za ta tsaya cak a tsayin mita 19.6, kuma ko a wannan ƙiftawar idon da gudunta ya zama sifili, jan ƙasa bai sake ta ba, shi ya sa ba ta rataye a can.

Idan kai ma ka ce ƙarfi biyu ne, to ka gano ciwonka, kuma tsohon ciwo ne. Tun muna yara muke ganin cewa abin da aka daina turawa yana tsayawa, sai muka ɗauka motsi ba ya ɗorewa sai da ƙarfi a bayansa. Haka Aristotal ya koyar, aka kuma bi shi ɗaruruwan shekaru, har Galileo ya gangara da ƙwallaye a kan karkatattun katakai ya auna lokacinsu, ya wallafa sakamakonsa a 1638, sannan Isaac Newton ya tsara dokokin motsi uku a 1687. Abin da suka nuna shi ne gogayya ce ke tsayar da abin da aka tura, kuma aikin ƙarfi shi ne sauya gudu. Ɗalibi yana iya rubuta F = ma (dokar Newton ta biyu, mai haɗa ƙarfi da sauyin gudu) daidai a takarda alhali tsohon tunanin na nan daram a kansa, kuma shi ke ba da amsa duk lokacin da tambaya ta zo da sabon salo.

Malaman fannin sun auna wannan. A 1992 David Hestenes da abokan aikinsa suka fitar da wani gwaji na fahimtar ƙarfi wanda ba ya bukatar lissafi, aka ga ɗalibai da dama masu cin jarrabawa suna tuntuɓe a kansa. Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya ga irin haka a ajinsa, sai ya rage bayani a allo, ya koma jefa tambaya yana sa ɗalibai su yi muhawara da na kusa da su. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai fiye da 6,000, ya samu cewa ci gaban da ake samu a azuzuwan da ake irin wannan musayar ya kai kusan ninki biyu na azuzuwan da ake saurare kawai.

Saboda haka, shawarata ita ce ka jinkirta ɗaukar fomula. A kowace tambaya ka fara zana abin da ake magana a kansa shi kaɗai, ka sa kibiya ga kowane ƙarfi, kuma kada ka yarda da wata kibiya sai ka iya faɗin abin da ke yin turawar ko jan: ƙasa ce, igiya ce, ko daɓen da abin ke kai. Kibiyar da ba ta da mai ita, goge ta. Sannan ka yi hasashen amsa da baki kafin ka taɓa kalkuleta, ka warware da haruffa, lambobi su shigo a ƙarshe. Ka duba ma'auni kuma, domin idan ana neman lokaci amsarka ta fito da mita, akwai kuskure a sama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a 1999 hukumar NASA ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars saboda wajen auna ƙarfi wani rukunin injiniyoyi ya yi aiki da ma'aunin fam, wani rukunin kuma da na niyuton.

Game da misalan malami, karanta warwarar wani yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali kallo kawai ya yi. Rufe littafin ka gwada da kanka, ka sha wahalar minti 15 kafin ka leƙa. A ganina tambayoyi biyar da aka yi wa haka sun fi hamsin da aka kwafa amfani.

Lissafin da kake bukata a wannan matakin bai da yawa: juya fomula don fitar da harafin da ake nema, raba kibiya gida biyu da sayin da kosayin, da ɗan abin da ya sauwaƙa na kalkulas. In nan ne gibin yake, mako biyu ko uku na atisaye za su rage shi sosai. Don ka gwada kanka yau, ga wata: babbar mota ta yi karo da ƙarama, wacce ta bugi ɗaya da ƙarfi mafi yawa? Dokar Newton ta uku ta ce ƙarfin biyu daidai suke. Zauna da abokin karatunka ka bayyana masa, ba tare da duba littafi ba, dalilin da ya sa duk da haka gudun ƙaramar ne ya fi sauyawa.