Kyamarata Na Yanke Bidiyo Ana Tsakiyar Biki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon bukukuwa ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Na sayi sabuwar memwar mai 64GB, an rubuta 120MB/s a jikinta. Amma in na sa kyamara a 4K, ko minti ɗaya ba ta cikawa sai ta tsaya. Ranar Asabar ana shigo da amarya kyamarar ta yi mini haka, kunya ta rufe ni. Kyamarar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar kai ta wurin mai gyara, na fi zargin katin, wato memwar. Wannan 120MB/s da aka rubuta ɓaro-ɓaro galibi saurin kwashe kaya ne daga kati zuwa kwamfuta. Bidiyo kuwa zubawa yake yi ba hutu. Kyamara tana da ɗan rumbu a cikinta inda take tara hoto kafin kati ya karɓa. In kati ya yi nawa, rumbun ya cika, sai ta yanke.

Ƙananan alamomin nan na jikin katin da ba a kulawa da su, su za ka duba. Lamba 10 a cikin harafin C, da lamba 1 a cikin harafin U, alƙawarinsu ɗaya: saurin rubutu ba zai gaza 10MB a daƙiƙa ba. U mai 3 a ciki 30MB ne. A 2016 ƙungiyar SD Association, mai tsara ƙa'idojin katunan memwa, ta fito da alamar V musamman don bidiyo: V6, V10, V30, V60 da V90, kowace lamba ita ce saurin da kati ba zai sauko ƙasa da shi ba.

Ga lissafin. Shiga saitin kyamararka, za ka ga an rubuta misali 4K 100M ko 100Mbps. Mbps na nufin megabit a daƙiƙa, kuma megabit 8 ne ke yin MB ɗaya, don haka raba wannan lamba gida 8: 100 ta zama 12.5MB a daƙiƙa. Ka ga ta haura alƙawarin kati mai C10 ko U1. Saboda haka V30, ko U3, shi ne naka, kuma ya ishi yawancin masu aikin biki da suna. Sai wanda kyamararsa ke ɗauka a 400Mbps, wato 50MB a daƙiƙa, shi ke buƙatar V60. Irin waɗannan katuna yawanci UHS-II ne, masu layi biyu na haƙoran zinari a baya. In ramin kyamararka UHS-I ne, mai karanta layi ɗaya kawai, layi na biyun ba zai yi aiki ba, ka zubar da jikkunanka a banza.

In kuma ka duba ka tarar naka V30 ne amma yana yankewa, to akwai yiwuwar jabu aka sayar maka. Buga tambari a jikin kati ba wuya. Wani ma zai nuna 64GB alhali cikinsa bai kai rabi ba. Sai ka zo haɗa aiki ka tarar da fayiloli sun ƙi buɗuwa. Sa shi a kwamfuta ka gwada da manhajar H2testw, kyauta ce: tana cika katin tas, ta karanto, ta faɗa maka ainihin girmansa da saurinsa. Ni duk sabon kati sai ya bi ta nan kafin ya ga biki.

Ka kuma tuna 100Mbps na cin kusan 45GB a awa ɗaya, don haka 64GB ba zai kai ka awa ɗaya da rabi ba. Riƙe biyu ko uku, kuma a cikin kyamarar za ka yi musu fomat, bayan ka kwashe aikin.

Tambaya: Malam, zan iya cire ƙaramar memwar ta salulata in sa a kyamara da adafta?

Amsa: Za ki iya, ƴar'uwa, muddin tana da V30 ko U3. A1 da A2 da kike gani a jikinta na gudanar da manhajojin waya ne, ba su ne alamar da za ki duba don bidiyo ba. Sai dai adafta mai sako-sako kan katse ɗauka, kuma fomat zai share duk hotunanki, ki kwashe su tukuna.