Filin da ba shi da lamba a taswira

Wani ɗan'uwa da ke aikin gini a Sabha, ƙasar Libiya, ya aiko da tambaya. Ya ce shekara huɗu yana tara kuɗi, yanzu yayansa ya samo masa fili a bakin garin Damagaram, wajen hanyar Mirya, jikin katangar wata makarantar boko. Kuɗin bai kai rabin na filayen da ke kewaye ba. Dillali ya ce takardar ciniki ce kawai da hannun shaidu biyu, sauran takardu a yi su daga baya, amma a turo kuɗi kafin Juma'a. Ya tura ko ya dakata?

Ƙanena, ka dakata. Wannan arahar da wannan gaggawar su ne suka tayar mini da hankali, sai kuma maganar katangar makaranta.

Idan hukuma za ta yanka filaye, abin da muke ce wa lotisma, taswira ake fara zanawa. Kowane rukuni yana da lambarsa, kowane fili a cikinsa yana da tasa alamar, sannan a kafa turakun siminti a kusurwoyi. A cikin taswirar nan ake barin wasu wurare da gangan: na ƙarin azuzuwan makaranta, na gidan likita, na kasuwa, na hanya da magudanar ruwa. Ido zai gan su fetal, yara na buga ƙwallo, awaki na kiwo, sai a ɗauka ba mai su. Na jama'a ne, suna hannun gwamnati. Dillali ba shi da ikon sayar da su, mai unguwa ma haka, kuma daɗewarka a kai ba za ta mayar da wurin naka ba.

Na taɓa tsayawa gaban wani gida da aka gina a irin wannan wuri. Ɗaki uku na bulo, an ɗora kwano, ƙofar ƙarfe sabuwa ko ledarta ba a ɓare ba, ga ƙaton gicciye na jan fenti a bango, alamar za a rushe shi. Mai gidan yana Aljeriya. Mahaifiyarsa ce ta fito da takardar ciniki daga cikin leda, ta ninke ta har ta fara yagewa, tana tambayata ko wannan ba ta isa ba. Har yau idan na tuna nauyin bakin da na yi ranar, zuciyata ba ta daɗi. A garin da sau da yawa ruwan gini ma saye ake yi jarka-jarka, ka lissafa abin da ya salwanta.

Ga abin da za ka sa a yi. Dillali ya ba da sunan lotisma da lambar rukuni da ta filin. Yayanka ya ɗauka da ƙafarsa ya je ma'aikatar magajin gari, ofishin filaye, a buɗe taswira da rajista a gabansa, ya ga sunan wa ke kai. Birnin yana da gundumomi 5, ya tabbatar wace ce filin ya faɗa. Daga nan ya biya kadastir, wato ofishin awon filaye, ya nemi mai awo ya je ya nuna masa turakun. Idan mai sayarwa yana da takardar sesiyon, wato wadda hukuma ke ba wanda ta mallaka wa fili a lotisma, sunan da ke jikinta ya zo daidai da na katinsa. In kuwa gado ne, sai duk magada sun yarda a rubuce, don rigimar ɗan uba ta fi ta hukuma tsawon rai.

Wataƙila a ce maka ai gona ce ta kaka da kakanni. To wannan hanyarta daban: dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, Kofo, waɗanda daga baya suka bazu tun daga ƙauye har gunduma, su ke shaida mallakar gargajiya da cinikin gona. Amma takardar gona ba ta zama izinin yanka filayen gida ba.

Sai maganar da ta fi wuyar faɗa. Takarda ta fito da sunanka, ba na yayanka ba. Ba zarginsa nake yi ba. Rai a hannun Allah yake, kuma ranar rabon gado abin da ke rubuce ake dubawa. Ka je ofishin jakadancin Nijar mafi kusa da kai, ka yi masa takardar wakilci, ka aika hoton katinka. Duk kuɗin da ka tura ka adana rasit, a kuma ƙulla cinikin gaban notar, wato masanin doka mai shaida takardun ciniki a hukumance. Bayan an juya suna, kada ka tsaya a nan, ka bi har a ba ka titir fonsiye, ita ce takardar da ta fi kowace ƙarfi, ita banki ma ke karɓa jingina.

Idan dillali ya ce ba zai iya jira mako biyu ba, ka bar masa filinsa. In ya ba da lambar, ka turo mini abin da yayanka ya gani a rajista, mu duba tare.