Tambayi Mama: Gwauruwar Da Ke Zuwa Bakin Coci

Tambaya: Mama, akwai wata gwauruwa da ke zuwa bakin cocinmu duk Lahadi tana neman taimako, amma a zumuntar mata ana cewa kar a bata wai ɗanta ne yake kwashe kuɗin ya je shan burukutu. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ya zanyi?

Amsa: 'Yata, tsaya tukuna, a cikin masu maganar nan wa ya taɓa taka ƙafa gidanta ya ga ko an ɗora tukunya ranar? Abin nan yana min ciwo sosai. Karanta wasiƙar Yakubu sura 2 a Littafi Mai Tsarki, ya yi faɗa kan yadda ake ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, talaka kuma a ce masa tsaya can, kuma ya ce in ɗan'uwa ba abinci ba sutura ka ce masa ya sauka lafiya baka bashi komai ba, to me ka yi kenan? In ma gaskiya ne ɗan yana sha, ita ce zata kwana da yunwa saboda shi? Toh in kuɗin ne matsala ki auna mata mudun masara da ɗan manja, ki kai mata gida da kanki ba a gaban jama'a ba, ki zauna kan tabarmarta ku gaisa sosai, ki tambayeta me ya fi damunta. Ranar zumunta kuma ki jawo ta ciki ta zauna kusa dake.