Daga Damagaram zuwa Zanzibar: amsoshin wasiƙunku

Tun da hotunan farin rairayi da shuɗin ruwa suka fara yawo a wayoyi, rabin angwayen garin nan sun ƙudurce sai Zanzibar. Mu da muke kwana bakin famfo da jarka muna jiran ruwa, yau teku muke nema. To, madalla. Ga abin da ya shigo mini a wannan mako.

Wani ɗan kasuwa daga Zango ya ce: "Baba, ta Yamai zan bi ko ta Kano?"

Alhaji, lissafi ne kawai. Yamai kusan kilomita 900 ce, wuni cur a mota ta Maraɗi da Konni da Dosso, ka isa bayanka ya sage. Kano ba ta kai 300 ba. Jirgin Ethiopian na sauka a duka biyun, ya kai ka Adis Ababa, daga can ka sake wani zuwa filin jirgi na Abeid Amani Karume da ke Unguja, babban tsibirin. Tambayi farashi a wuri biyun, ka ɗora kuɗin mota da na masauki, ka ɗauki wanda ya fi sauƙi. Amma kada ka sayi komai sai ka karanta amsar da ke biye.

Wani ango daga Sabon Gari ya rubuto: "Na haɗu da wani a Facebook, ya ce jikka 600 ni da amarya, da tikiti da otel na kwana bakwai. Ya ce biza a filin jirgi ake buga ta. Yana so in aika rabi kafin Juma'a, don kujeru sun kusa ƙarewa. In aika?"

Ɗana, mayar da hannunka aljihu ka zauna. Kuɗin da ya faɗa ba za su sayi tikitin mutum biyu zuwa da dawowa ba, balle otel. Wanda ya yi maka tayin raƙumi a farashin akuya, ba raƙumin yake sayarwa ba, kai yake saye. Kuma maganar "kafin Juma'a" tsohuwar dabara ce: a hana ka barci a kan shawara, a hana ka tambayar na gaba da kai.

Babbar ƙaryarsa ma tana wajen biza. Gaskiya ne 'yan ƙasashe da yawa suna sauka su biya dalar Amurka 50 a buga musu nan take. Mu ba ma cikinsu. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika a 1964, kuma Tanzaniya ta sa Nijar, da Najeriya da Mali da Cadi da Senegal, cikin ƙasashen da sai an nemi izini tun daga gida, a duba takardunka a amince. Ana cike takardar a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, kuma su da kansu suna cewa a nema wata biyu kafin tafiya, kada a yanki tikiti sai amsa ta fito. Ka ga ke nan mutuminka ko bai sani ba, ko ya sani. Duk biyun ba wanda za a ba kuɗi ba ne.

Abin nan yana ci mini rai, don ya taɓa gidanmu. Ɗan ƙanwata ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da kuɗin adashen uwarsa, ya aika wa wani da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Aka turo masa takarda mai tambarin jirgi da sunansa ɓaro-ɓaro. Ya yi sallama da dangi, har da masu ba shi sautu, ya yi wuni a mota zuwa Yamai. A filin jirgi aka duba aka ce babu shi. Abin da aka yi masa shi ne riƙon kujera: kowane dillali na iya riƙe maka wuri na 'yan kwanaki ba tare da ya biya ko dala ba, ya buga maka takarda, lokaci na cika kujerar ta koma kasuwa. Tikiti na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13, na Ethiopian da 071 yake farawa. Ka karɓi lambar, ka kai ofishin kamfanin ko ka duba a shafinsa da idonka, sannan ka cika kuɗi. Otel kuma ka kira su da kanka ka ji ko sun san da zuwanka. Yaron nan har yau a ƙasa yake zuwa kasuwar Dole, lambar wayar mutumin kuwa a kashe.

Sannan in tambaye ka abin da babanka zai tambaya: ka gama biyan kayan ɗaki? Akwai buhun hatsi a gida? Na ga waɗanda suka ci bashi don hoton kwana biyar, suka dawo amarya na aron magi a maƙwabta. In kana da hali ka je, ba haramun ba ne, amma ta ajans mai ofis da ƙofa, wanda in abu ya ɓaci ka san inda za ka kai ƙara. Ka ware kuma dala 44 kowane mutum, na inshorar dole da Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun watan Oktoba na 2024. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta ƙosai ba; wajen jikka 25 ke nan. Da katin rigakafin shawara, wanda za a yi maka allurar da gaske, ba wanda ake saye a bayan tasha ba.

Wani ya ce: "Akwai motar da ke zuwa can kai tsaye? Ina tsoron jirgi."

Malam, tsibiri ne. Ko ka kai Darussalam, babban birnin gaɓar tekun Tanzaniya, a ƙafa, sai ka shiga jirgin ruwa na kamar awa biyu. Zauna gida.

Wata uwa daga Birni ta ce: "'Yata aka yi wa aure, mijin zai kai ta can. Ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin Gidimuni ba. Na ji jiragen ruwansu na nutsewa, kuma ban san ko akwai Musulmi ba. Ba na barci."

Hajiya, kwantar da hankalinki, Allah ya raya zuri'a. Abin da kika ji ya faru: a watan Satumba na 2011 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya kife da dare tsakanin Unguja da tsibirin Pemba, ɗaruruwa suka rasu, a 2012 ma wani ya nutse. Amma 'yarki ba ta buƙatar jirgin ruwa sam, na sama zai sauke ta a kan tsibirin. Abin da za ki ja mata kunne a kai shi ne ƙananan kwale-kwalen yawon buɗe ido: kada ta shiga sai da rigar da ke hana nutsewa, kada kuma ta biye wa miji ya ce su ƙara gaba kaɗan don hoto. Tekun can yana janyewa nesa har mutum ya yi ta tafiya a rairayi, sannan ya dawo da sauri. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ta kwana cikin gidan sauro.

Batun addini kuwa, kusan duk mutanen Zanzibar Musulmi ne. Za ta ji kiran salla daga ɗakinta, ta ga mata da lulluɓi kamar na Birni, hijabinta ba zai zama abin kallo ba. Har a harshensu za ta tsinci na gida: labari su ce habari, sabulu sabuni, Alhamis Alhamisi. Ki ce ta zo miki da kanumfari, can ne gidansa, ya fi wanda muke saye a ƙulle ƙamshi nesa ba kusa ba.

Na ƙarshe, wani malamin makaranta: "An ce Afrilu ya fi araha. Haka ne?"

Haka ne, Malam, kuma akwai dalili. Lokacin da muke soyuwa a nan, su daminarsu ce babba, daga Maris zuwa Mayu, sai ka biya kuɗin teku ka ƙare da kallon ruwan sama ta taga. Yuni zuwa Oktoba ya fi, ga shi ya yi daidai da hutunku. Sefa ba ta da kasuwa a can, kuɗinsu shilin ne. Ka canza dala tun daga nan, sababbin takardu, don tsofaffi da masu yagewa ƙin karɓa ake yi. Kuma Tanzaniya ta hana leda tun 2019, saboda haka kilishinka da dabinonka ka nema musu wani mazubi.