Mai fama da faɗuwar gaba, a fara da gwajin ECG

Ɗan'uwa, ka ce Hajiya tana jin zuciyarta na dukan uku-uku, wani lokaci kamar ta tsallake bugu. Mahaifina ma haka ya yi.

Mutum babba in yana hutawa, bugun zuciyarsa tsakanin 60 da 100 ne a minti. Ka riƙe jijiyar hannunta ka ƙirga, ka lura ko bugun na tafiya daidai. Daga nan ku je asibitin tarayya na FMC Gusau a yi mata ECG, wato gwajin da ke nuna yadda zuciya ke bugawa, a duba hawan jini da ƙarancin jini. In abin na zuwa yana tafiya, akwai na'urar da ake maƙala wa mutum awa 24 tana naɗar bugun zuciyarsa.

Don Allah kada ka sayo mata magani a kemis, wani irin rikicewar bugun yana jawo shanyewar ɓarin jiki. Ta rage goro da kofi. In ta suma ko ƙirji ya riƙe ta, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.