Anti, kuɗin ɗumama gida zai ƙarar da mu a Ingila

Tambaya: Salamu alaikum Anti, ya aiki? Na biyo maigida ne karatu nan Bradford, wannan ne sanyinmu na farko, wlh bil ɗin gas da wuta da ya zo mana sai da na zauna. Shine na kashe boila (injin gas ɗin da ke ɗumama gidan) gaba ɗaya na siyo 'yar hita mai fanka nake kunna mana a falo ni da yara, amma kuɗin sai ma ƙaruwa ya yi, ga bangon ɗakin kwana ya fara baƙi-baƙi. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannunku da sanyi. Toh ai an gudu ba a tsira ba, wannan 'yar hitar ita ce take cinye ku. A Ingila yunit ɗaya na lantarki ya kai kusan ninki huɗu na yunit ɗin gas, ita kuma mai fankar yawanci wat 2000 ce, kinga duk awa ɗaya ta sha yunit biyu kenan, kuma kina kashe ta ɗakin ya koma gidan jiya.

Ki kunna boilarki. Abin saita zafin da ke bango ki ajiye shi a digiri 18 ko 19, dama 18 ɗin shi hukumomin lafiyar ƙasar suke cewa kada gida ya gaza, barin ma da yara. Na san halinmu, sai a murɗa shi zuwa 25 ana yawo da 'yar shimi kamar ana Sakkwato, alhali duk digiri ɗaya da kika rage yana iya sauke miki wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin ɗumamar. A sa suwaita da safa kawai. Ki saita lokaci ta kama kafin Asuba ta mutu idan an watse, ɗakin da ba kowa kuma ki rage makunnin da ke gindin radiyetarsa (ƙarfen jikin bango da ke fitar da ɗumi) ki ja ƙofa, amma kada ki kashe ɗungurungum.

Sai iska. Gidajen haya na Bradford da yawa tsofaffi ne, ki sa bayan hannunki a ƙasan ƙofar waje da bakin taga za ki ji sanyi na zubowa, tsohon tawul a naɗe ma ya toshe. A Disamba tun kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, ana kiran Magariba ki sauke labule, sai dai ki cusa shi bayan radiyeta kada ya lulluɓe ta.

Baƙin bangon nan danshi ne, sanyi ya haɗu da tururin girki da shanyar wanki a ɗaki. Bayan girki ko wanka ki buɗe taga kamar minti 10, ki ɗau hoto ki tura wa mai gidan hayar a rubuce. Ki kuma duba bil ɗin, wataƙila ma kintace kamfanin suka yi, ki riƙa tura musu lambobin da mita ta nuna kun sha duk wata.

Kasko kuwa dan girman Allah kada ki ce za ki hura gawayi ku ji ɗumi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mutum cikin barci. Na turaren wuta ma ki nemi na lantarki.