Ɗiyata, game da kwarashin da kika ajiye

Saƙonki ya iso. Kin ce tun bayan sallah ulu na nan a leda, in kin ɗauki kwarashi sai ki ajiye, ba wani zane da ke zuwa miki. Kina tambaya ko bakin mutane ne, da kuma abin da magabatanmu suke yi in hannu ya mutu. Na yi dariya, amma da na kai inda kika ce ke kaɗai kike wuni a ɗaki kina kallon saƙar wasu a waya, dariyar ta tsaya.

Mu kaɗi muka tarar a Zariya. A gurza auduga, a shiɓe ta, a shafa alli a yatsa a murza mazari, duk a tsakar gida, ana hira. Kwarashi a makaranta na koya.

Hunturun 1973, lokacin da naira ta kori fam da sule, Yaya ta haihu, aka ce in saƙa wa jariri hula kafin suna. Hannu ya ƙi. In fara, in warware. Kaka ba ta ce uffan ba, ta karɓe kwarashin, ta aike ni gidan masu saƙar faifai, ta ce kada in dawo sai la'asar. Na tarar da mata sun baje rinannen kaba, ja da kore da baƙi. Wata tsohuwa, idonta ya yi rauni, da yatsa take laluben inda za ta sauya launi, bakinta bai daina ba da labari ba. Na tambaye ta yadda take ƙirgawa, ta ce, "Yarinya, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Wannan hawa da saukar na bakin faifanta shi na zuba a hular, har 'yan suna suka riƙa juya ta a hannu.

Kaka takan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku yanzu kowa ta rufe ƙofa, ko maƙwabciya ba ta san abin da kike saƙawa ba. Wa zai ce miki wannan launin bai hau ba?

Batun baki kuwa, ki riƙe addu'o'in safe da yamma, ba na son ki soma zargin mutane. In kin samu hutu ki zo, ki taho da ulun, ki gaida maigidan.